Yadda Ake Gane Shekarar Tsohon Katin Besbol Ta Layin Haƙƙin Mallaka Da Alamomin Ɗab'i

A watan Agustan 2022 an yi gwanjon wani ɗan kwali a Amurka a kan dala miliyan 12.6. Katin ɗan wasan besbol Mickey Mantle ne mai lamba 311, wanda kamfanin Topps ya buga a 1952. Hoton nan dai, da lambar nan, Topps ya sake buga su a 1983, ya kuma ƙara a 1996, kuma waɗannan kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Kama da wane ba ta wane. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a bayan na asalin, layin haƙƙin mallaka ba ya ɗauke da shekara ko kaɗan. To ta ina ake ganewa?

Irin waɗannan katuna 'yan kasuwar Amurka ne suka ƙirƙiro su don talla. Tun shekarun 1880 ake cusa hoton ɗan wasan besbol a cikin kwalin sigari, daga baya aka koma cikin alewa, sannan cingam. Yara suka tara, suka yi musaya, suka tsufa da su. Yau abin ya zama kasuwa mai zaman kanta, kuma tambayar farko a kan kowane kati ita ce yaushe aka buga shi. Ni dai abin da na ɗauka a wannan harka shi ne: shekarar da ka gani rubuce a jikin kati shaida ce guda ɗaya kawai, kuma ba a yanke hukunci da shaida ɗaya. Sai girma, da takarda, da tawada, da alƙaluman wasa sun yi baki ɗaya da ita.

Kayan aiki ba su da yawa. Rula mai nuna milimita. Madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, wanda ke ninka abu sau goma. Fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan canji ke haska takardar kuɗi da ita don gane jabu. Sai wankakken hannu busasshe, da hasken rana ta taga. Ka riƙe kati ta gefensa, kada yatsa ya hau fuskarsa.

Mataki na farko: auna shi

Kafin ka karanta ko harafi ɗaya, ɗora rula. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a nan milimita biyu ko uku na iya raba shekaru talatin, don haka kada ka dogara da ido.

Girman da kowa ya sani yau, inci biyu da rabi a faɗi da inci uku da rabi a tsawo, wato kimanin santimita 6.4 da 8.9, Topps ne ya fara shi a 1957. Kafin nan kowane kamfani da nasa. Katunan sigari na 1909 zuwa 1911 'yan siriri ne, kimanin santimita 3.7 da 6.7, don su shiga kwalin taba. Na Goudey na 1933 sun kusa zama murabba'i, santimita 6.0 da 7.3, kuma kwalinsu na da kauri. Bowman na 1948 ƙanana ne, 5.2 da 6.4, a 1951 suka ƙara tsawo zuwa 7.9. Topps na 1952 zuwa 1956 kuwa manya ne, 6.7 da 9.5.

Kenan idan aka miƙo maka Mantle na 1952 ka auna ka ga 6.4 da 8.9, magana ta ƙare tun a nan, sabon bugu ne. Idan kuma girman ya kusa daidai amma ya gaza da milimita ɗaya ko biyu, gefen ya yi kaifi fiye da kima, ka yi zargin an datse shi da reza don a ɓoye tsufan kusurwa. Akwai ƙaramin bugu na halak, kamar wanda Topps ya fitar a 1975 mai santimita 5.7 da 7.9 da aka fi sayarwa a Michigan da California, amma irin waɗannan sanannu ne.

Mataki na biyu: me aka sayar da shi?

Juya katin ka ga tallar me yake yi. Sunan taba kamar Old Judge yana kai ka ƙarshen shekarun 1880, kuma waɗannan ainihin hoton kyamara ne mai ruwan ƙasa aka manna a kwali. Piedmont, Sweet Caporal, Old Mill, Polar Bear, duk tabar American Tobacco Company ce, 1909 zuwa 1911. Cracker Jack 1914 ko 1915. Cingam ɗin Goudey daga 1933. Play Ball 1939 zuwa 1941, inda Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da harkar. Bowman 1948 zuwa 1955, don a farkon 1956 Topps ya saye kamfanin. Donruss bai shigo besbol ba sai 1981, shekarar da Fleer ma ya dawo da cikakken jeri, wato dukkan katunan shekarar. Upper Deck ya fara a 1989.

Za ka riƙa jin masu harkar suna cewa T206 ko R319. Ba a jikin kati aka rubuta waɗannan ba. Wani mai tara katuna ne, Jefferson Burdick, ya tsara su tun ƙarshen shekarun 1930: T na tabar ƙarni na ashirin, E na alewar farko, R na cingam da alewar da suka zo daga 1930. Tarinsa yana gidan adana kayan tarihi na Metropolitan a New York. Tsohon katin da ka ga an buga masa "T206" a baya, kwaikwayo ne aka yi daga baya.

Mataki na uku: layin haƙƙin mallaka

Nan ne zuciyar aikin, nan ne kuma aka fi zamewa. Layin ƙaramin rubutu ne, galibi a ƙasan bayan kati ko a gefe, yana farawa da alamar © wato harafin C cikin da'ira. Sa madubi ka karanta shi harafi-harafi. Abu ɗaya daga cikin huɗu za ka tarar.

Na farko, babu layin sam. Katunan T206, wato irin na tabar 1909 zuwa 1911 da aka ambata, haka suke. Amma suna da abin da ya maye gurbinsa. A bayan yawancinsu an rubuta adadin 'yan wasan da ke jerin a lokacin bugu: "150 Subjects" na zubin farko ne na 1909, "350 Subjects" na 1910, wanda ya ambaci 460 kuma na ƙarshe ne, zuwa 1911. A ƙasa akwai lambar masana'antar taba da gundumarta, saboda dokar haraji. Shahararren katin Honus Wagner, wanda ɗaya ya kai dala miliyan 7.25 a 2022, a zubin 150 kawai ya fito, don an janye shi da wuri. Wagner mai 350 ko 460 a baya ba ya buƙatar dogon bincike.

Haka Cracker Jack. Fuskar 1914 da ta 1915 kusan ɗaya ce, ja-wur a bayan ɗan wasa. Amma rubutun baya na 1914 yana cewa jerin hotuna 144 ne, na 1915 yana cewa 176. Sannan bayan na 1915 a kife aka buga shi: idan ka juya katin kamar shafin littafi, rubutun zai zo maka kai ƙasa. Na 1914 takardarsu ta fi laushi, kuma da wuya ka samu wanda alewa ba ta ɓata ba, don a cikin kwalin alewar kawai ake samunsu, alhali na 1915 ana iya aikawa da kuɗi ta gidan waya a karɓi jerin a tsaftace.

Na biyu, akwai layin amma babu shekara. Topps na shekarun 1950 da 1960 "T.C.G." kawai suke rubutawa, taƙaicen Topps Chewing Gum, sai bayanin cewa a Amurka aka buga. Sai cikin shekarun 1970 shekarar ta fara bayyana a layin. Wannan da kansa shaida ce. Katin da ke da zanen 1953 ko 1954 amma layinsa ya ce 1991 ko 1994, na jerin Archives ne da Topps ya sake bugawa. Mai zanen da amma layinsa ya ce 2001 ko sama, mai yiwuwa na jerin Heritage ne, inda ake sa 'yan wasan yau cikin tsohon zane. Waɗannan ba jabu ba ne, kamfanin ne ya buga su a fili. Matsalar ita ce wasu marasa tsoron Allah suna kankare shekarar, su jiƙa katin da ruwan shayi, su murza kusurwa. Idan wurin da layin ya kamata ya kasance ya yi gautsi ko ya fi sauran wuri haske, ka tsaya.

Na uku, akwai shekara amma ta riga ranar fitowa. A nan ni kaina na taɓa faɗawa. Na riƙe katin Ken Griffey Jr. na Donruss, na ga 1988 ɓaro-ɓaro a baya, na rubuta 1988 a littafina, na kwana biyu ina murna na samu abin da ba kowa ke da shi ba. Ashe na 1989 ne, irin wanda ke hannun kowa. An shirya bugun ne a ƙarshen 1988 don kakar wasa mai zuwa, shi ya sa layin ya ɗauki shekarar da aka yi aikin. Donruss na waɗannan shekaru haka suke, layin yana baya da shekara guda. Tun daga ranar na daina rubuta shekara kafin in duba alƙaluman wasa.

Tsofaffi ma suna da irin wannan. Katunan Leaf da aka saba kira na 1948, cikinsu har da na Jackie Robinson, wasu layinsu ya ce 1948, wasu 1949, kuma masu bincike da yawa sun tsaya a kan cewa a 1949 jerin ya shiga kasuwa. Shi ya sa za ka ga an rubuta 1948-49 a wasu wurare. A Goudey na 1933 kuma, lamba 106 ba ta fito ba sam a shekarar. Yara suka yi ta sayen cingam suna nema. Sai a 1934 kamfanin ya buga Napoleon Lajoie da wannan lamba, ya aika wa waɗanda suka rubuto wasiƙar ƙorafi. Katin yana cikin jerin 1933 ta lamba, amma bugun 1934 ne.

Na huɗu, kati ɗaya da layi, ɗan'uwansa babu. Bowman na 1950 daga lamba 181 zuwa 252 ana samunsu iri biyu, mai layi da marar layi, kuma duka na gaske ne. Play Ball na 1941 ma wasu suna da shekarar, wasu babu. Saboda haka rashin layi kaɗai ba hujjar jabu ba ne, kamar yadda kasancewarsa ba hujjar asali ba ce.

Mataki na huɗu: alƙaluman bayan kati

Wannan ita ce shaidar da na fi yarda da ita. Kakar besbol tana farawa a Afrilu ko ƙarshen Maris, ta ƙare a kaka. Katuna kuma ana shirya su da sanyi, su fito da bazara. Don haka shekarar ƙarshe da ke cikin jadawalin ɗan wasa, ƙara mata ɗaya, ka samu shekarar kati. Jadawali ya tsaya a 1964, kati na 1965 ne.

Jerin Diamond Stars na kamfanin National Chicle shi ne makarantar wannan darasi. Katuna 108 ne, an yi ta buga su daga 1934 zuwa 1936, kuma ɗan wasa ɗaya da hoto ɗaya da lamba ɗaya yana iya fitowa a shekara biyu ko uku. Abin da ke raba su ɗan layin ƙarshe ne a baya. Wanda ya kawo sakamakon 1933 bugun 1934 ne, mai 1934 na 1935, mai 1935 na 1936. Launin tawadar baya ma yana taimakawa, don akwai kore akwai shuɗi, amma alƙaluman su ne alƙali.

Topps bai fara jera kowace shekara a layinta ba sai 1957. A 1952 layi biyu ne kawai, "Past Year" da "Lifetime", wato bara da jimillar rayuwar wasa, babu lambar shekara. A irin wannan sai ka karanta ɗan labarin da ke sama. Yawanci zai ce ɗan wasan ya yi kaza a '51. Shekara mafi kusa da labarin ya ambata ita ce iyakarka ta ƙasa.

Sai ka kula da tsofaffin 'yan wasa. Babe Ruth ya bar wasa a 1935, ya rasu a 1948, amma Fleer ya buga shi a 1960 da 1961 cikin jerin manyan da, Topps ma ya ware masa katuna goma a 1962. Jadawalinsu ya tsaya a shekarun 1930, katin kuwa ƙanen wannan zamani ne da kusan shekara talatin. A nan ƙa'idar ƙara ɗaya ba ta aiki, sai ka koma ga girma da sunan kamfani.

Mataki na biyar: garin ƙungiya

Ƙungiyoyin besbol suna ƙaura daga gari zuwa gari, kuma kowace ƙaura iyaka ce a kalanda. Braves sun bar Boston zuwa Milwaukee a 1953, suka wuce Atlanta a 1966. Browns na St. Louis sun zama Orioles na Baltimore a 1954. Athletics sun bar Philadelphia zuwa Kansas City a 1955, sannan Oakland a 1968. Dodgers da Giants sun bar New York zuwa California a 1958. Senators na Washington sun zama Twins na Minnesota a 1961, sabuwar Senators da aka kafa a madadinsu ta zama Rangers na Texas a 1972. Ƙungiyar Houston sunanta Colt .45s daga 1962, ta zama Astros a 1965. An kafa Mets a 1962. Expos, Padres da Royals a 1969. Blue Jays da Mariners a 1977.

Amma maɗaba'a takan makara, wani lokaci kuma ta yi gaggawa. Braves sun tashi ne a watan Maris na 1953, bayan an riga an shirya zubin farko, don haka wasu katunan Topps na 1953 suna cewa Boston. Pilots na Seattle kaka ɗaya tak suka buga, 1969, amma suna cikin katunan 1970, saboda saura 'yan kwanaki a fara wasa aka mayar da su Milwaukee. A 1974 kuwa an yi ta raɗe-raɗin Padres za su koma Washington, Topps ya yi riga-malam-masallaci ya buga wasu 'yan wasansu da sunan Washington, ƙaura ba ta yiwu ba, aka gyara. Duk katin ɗan Padres da ka gani da "Washington" a kai, zubin farko ne na 1974.

Hoto kuwa kada ka ba shi nauyi sosai. Kamfanin yakan maimaita tsohon hoto, yakan shafe tambarin hula da fenti idan ɗan wasa ya canja ƙungiya. A 1968 da 1969 abin ya yi yawa, domin ƙungiyar 'yan wasa ƙarƙashin Marvin Miller ta umarci mambobinta su daina tsayawa a ɗauke su hoto har sai an ƙara musu kuɗi.

Mataki na shida: lambar kati

Lambar tana gaya maka wane ɓangare na shekara. Har zuwa 1973 Topps kashi-kashi yake fitar da jeri, daga bazara zuwa ƙarshen kaka. Kashin ƙarshe yana zuwa lokacin da hankalin yara ya koma wasu wasanni, don haka kaɗan ake sayarwa. A 1952, lamba 311 zuwa 407 su ne na ƙarshe, kuma Mantle ne ya buɗe su. Daga 1974 aka koma fitar da duka a lokaci ɗaya. Lambar tana kuma kama ƙarya: jerin 1954 katuna 250 ne, na 1956 kuma 340. Abin da ya haura haka ba na shekarar ba ne.

Mataki na bakwai: takarda

Dubi gefen katin a madubi. Kwalin Topps na da, har zuwa 1991, galibi toka-toka ne ko ruwan ƙasa a ciki, bayansa ba santsi, kana jin ɗan kaushi a yatsa. A 1992 suka koma farin kwali, suka kuma daina sa cingam. Tabon cingam ko na kakin takardar naɗi a bayan kati yana rage masa kuɗi, amma ni idan na gan shi hankalina yakan ɗan kwanta.

Launin baya yana raba zubi cikin shekara ɗaya. Topps na 1952 daga lamba 1 zuwa 80 akwai mai baƙin bugu a baya, akwai mai ja. Na 1956 daga 1 zuwa 180 akwai farin baya da mai toka.

Yanzu kashe wuta ka kunna fitilar 'yan canji. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman daga shekarun 1950, masu yin takarda suka fara zuba wani sinadari mai ƙara fari, wanda ke walƙiya da shuɗi a ƙarƙashin wannan fitila. Katin 1910 ko 1933 na gaske dushe-dushe zai yi. Idan ya haska kamar farar riga sabuwar wanki, takardar ƙanwar katin ce da shekaru masu yawa. Sai dai gwajin hanya ɗaya yake tafiya: walƙiya tana kayar da kati, rashin walƙiya ba ya tsayar da shi, don akwai takardar zamani marar sinadarin. Fitilar takan kuma tona inda aka cike baƙin gefen katin Topps na 1971 da alƙalami, ko inda aka manna takarda.

Mataki na takwas: tawada a ƙarƙashin madubi

Ɗora madubi a kan kumatun ɗan wasa. A katin Topps ko Bowman mai launi na gaske za ka ga ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari, launi huɗu, shuɗi da ja-ja da rawaya da baƙi, suna haɗuwa kamar 'yan furanni. Yanzu matsa zuwa baƙin rubutu, sunan ɗan wasa ko siririn layin da ya kewaye hoto. A na asali wannan baƙi ne tsantsa, a cike, gefensa a miƙe, domin farantinsa daban ne. Mai jabu kuwa hoton katin gaba ɗaya ya ɗauka ya sake bugawa, don haka har baƙin rubutun zai fashe ya zama ɗigo masu launi. Farin gefe ma haka: a na gaske takarda ce zalla ba tawada, a jabu za ka ga an yayyafa ɗigon rawaya don ya yi kamar ya tsufa. Na'urar bugu ta gida kuma feshi take yi barkatai, kamar an watsa gero, babu tsari.

Katunan T206 da dabarar bugun dutse aka yi su, launi bayan launi. A madubi za ka ga wurare masu launi a shafe, da ɗigo marasa daidaito, kamar aikin hannu. Sunan ɗan wasa a ƙasa, a mafi yawansu, ruwan ƙasa mai duhu ne a cike. Furannin launi huɗu na zamani a kan irin wannan kati sun isa hujja.

Hanya mafi sauƙi ta horar da ido ita ce ka sayi katin ɗan wasan da ba a sani ba na shekarar da kake so, mai araha, wanda ba wanda zai ɓata lokaci ya yi jabunsa. Ajiye shi kusa da wanda kake tuhuma, ka riƙa kai madubi daga wannan zuwa wancan.

Mataki na tara: wace ƙasa?

Zane ɗaya, shekara ɗaya, amma maɗaba'a daban. Kamfanin O-Pee-Chee na garin London da ke Ontario ya buga tagwayen Topps daga 1965, layinsu yana cewa "Printed in Canada", daga 1970 kuma bayansu da Turanci da Faransanci. Gefensu yakan yi gashi-gashi saboda yadda ake yanka su, kuma wannan ba aibi ba ne. A 1971 bayan Topps kore ne, na Kanada rawaya. Akwai kuma bugun Benezuwela a wasu shekaru tsakanin 1959 da 1968, takarda mai arha, fuska ba ƙyalli, sau da yawa da tabon gam a baya don yaran can a littafi suke manna su. Na 1964 bayansu baƙi ne, na Amurka ruwan lemo. Bugun Tiffany na Topps, 1984 zuwa 1991, a Ailan aka yi shi, farin kwali mai sheƙi.

Haɗa shaidu a kan kati ɗaya

Ga kati a gabanka, an ce Hank Aaron ne na 1954. Rula ta ce 6.7 da 9.5, ya dace da Topps kafin 1957. A fuska an rubuta Henry Aaron, Milwaukee Braves, kenan tsakanin 1953 da 1965. Launin da ke bayan ɗan wasan a hoton ruwan lemo ne, kuma launin ya haura har bakin sama, farin gefe a ɓangare uku kawai yake, wanda haka zanen 1954 yake. Lamba 128, tana cikin 250. A baya layin ya ce T.C.G. ba shekara. Alƙaluman na gasar ƙananan ƙungiyoyi ne, labarin yana maganar Jacksonville, inda ya buga a 1953, ƙara ɗaya ya ba ka 1954. Madubi ya nuna furanni a fuska, baƙin rubutu a cike. Shaidu bakwai sun yi baki ɗaya. Da na 1994 ne, rula za ta ce 6.4 da 8.9, fuska na sheƙi, kwali fari, layi ɗauke da sabuwar shekara.

Idan ɗaya ta saɓa, kada ka yi mata uzuri don kana son katin. Koma ka binciki ko saɓanin sananne ne, irin na Donruss ko Pilots. In ba sananne ba ne, ajiye kuɗinka.

Mai saye ta intanet kuma ya guji cinikin biri a sama. Nemi hoton baya cikakke, da hoton layin haƙƙin mallaka daga kusa, da hoton katin kwance kusa da rula. Mai sayarwar da ya ce a kayan kakansa ya tsinta, bai san ko na gaske ba ne, amma ya ƙi nuna baya, ka bar masa kayansa. Kati mai tsada a kai shi wurin masu tantancewa, irin su PSA da aka kafa a 1991, ko SGC, ko Beckett. Suna rufe shi cikin roba da lambar rajista, kuma ita ma lambar sai ka shigar da ita a shafinsu ka ga hoto da bayani sun dace da abin da ke hannunka, don robar ma ana yin jabunta.

Wanda ka gama tantancewa da kanka, sa shi a 'yar leda mai laushi, sannan cikin roba mai tauri, nesa da rana da laima. A wata takarda daban, ba a jikin katin ba, rubuta kamfani, shekara, lamba, launin baya, girman da ka auna, da abin da layin haƙƙin mallaka ya ce harafi da harafi.